Gasar Kamfanonin Kwamfuta da Makomar Ƙugiyar Hausa

A tsakiyar shekarun 1990, muna 'yan sakandare a nan ƙasar Ƙanƙara, in jarrabawa ta matso babu wanda ake girmamawa kamar akawun ofishin shugaban makaranta. Shi ke da tafireta, shi ke yanka tambayoyi a takardar sitensil, sannan a ɗaura ta a injin gurzawa a yi ta juya hannu har a sami adadin ɗalibai. Tambayoyin Turanci da na lissafi ba su ba shi wahala. Na Hausa kuwa, sai ya gama bugawa malaminmu ya karɓi sitensil ɗin ya shimfiɗa a tebur, ya ɗauki biron da tawadarsa ta ƙare, ya bi layi-layi yana yi wa k da d da b ƙugiya da hannu a duk inda ta cancanta. Ranar da gaggawa ta sa ya tsallake wata, sai ka ga ana tambayarmu abin da ke sa kura ta tashi a lokacin hunturu, alhali ƙura ake nufi. Sunan garin namu ma ƙugiya biyu gare shi, kuma na daɗe ban gan shi a rubuce daidai a takardar hukuma ba.

Na kawo wannan ne domin da yawa daga cikinmu, musamman matasan da suka shigo harkar rubutu da waya a hannu, suna ɗaukar kwamfuta kamar wata aba da ta sauko daga sama a kammale. Alhali kuwa abin da ke gabanmu ganimar wani dogon yaƙi ne da wasu 'yan kamfanoni suka gwabza a Amurka, ba tare da ko ɗayansu ya san da zaman Hausa ba. Duk da haka, abin da suka yanke a can shi ya tsara kamannin littattafanmu a nan.

Kafin 1975, in aka ce kwamfuta ana nufin wani ƙaton inji mai cin ɗaki guda, wanda sai gwamnati ko banki ko jami'a ke iya ɗaukar nauyinsa, kuma sarkin wannan kasuwa shi ne kamfanin IBM. Galibi haya yake bayarwa, ma'aikatansa su kafa injin, su ne kuma masu gyara. A Nijeriya ya buɗe cibiyar koyar da aikin kwamfuta a Jami'ar Ibadan a 1963. Da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fito da dokar 1977 wadda ta tilasta wa kamfanonin waje su sayar wa 'yan ƙasa wani kaso na hannun jarinsu, IBM ya ƙi, ya tattara nasa-ya-nasa ya bar ƙasar a 1978. A wancan zamani marubuci ba shi da wata alaƙa da wannan inji. Albashi yake lissafawa, da ƙidaya, da sakamakon jarrabawa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne wani ɗan guntun abu da bai wuce girman farce ba, wanda kamfanin Intel ya ƙera, aka cusa ƙwaƙwalwar inji gaba ɗaya a cikinsa. A Janairun 1975 wani ƙaramin kamfani mai suna MITS ya tallata akwati mai suna Altair 8800, wanda mutum zai saya ya harhaɗa da kansa. Ba shi da allon kallo, ba shi da madannai, 'yan fitilu ne kawai da makunnai. Amma wasu samari biyu, Bill Gates da Paul Allen, sun rubuta masa manhaja, kuma a shekarar suka kafa Microsoft. A 1976 Steve Jobs da Steve Wozniak suka kafa Apple, a 1977 kuma suka fito da Apple II. Da farko manyan kamfanoni kallon kayan wasan yara suke yi wa waɗannan injina, har sai da manhajar VisiCalc ta fito a 1979. Shafi ne mai gidaje-gidaje irin na littafin akanta, in ka sauya adadi ɗaya sauran lissafin duk ya gyara kansa. Daga nan manajoji suka fara sayen Apple II da kuɗin ofis, IBM kuma ya ga baƙo ya shigo gonarsa.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin shawarar da IBM ya yanke cikin gaggawa a 1980 ita ce uwar duk abin da ya biyo baya. Al'adar kamfanin ita ce ya ƙera komai da kansa, abin da kan ci shekaru. Wannan karon aka ba wata 'yar ƙungiya a garin Boca Raton na jihar Fulorida, ƙarƙashin Don Estridge, wa'adin shekara guda. Don haka suka shiga kasuwa suka sayo kayan haɗi: ƙwaƙwalwa daga Intel, sauran daga nan da can. Saura babbar manhajar da ke tafiyar da injin. Wadda ta fi shahara a lokacin ita ce CP/M ta Gary Kildall, amma cinikinsa da IBM bai faɗa ba. Microsoft ba ya da irin wannan manhaja, duk da haka ya ce zai kawo. Ya je ya sayi wadda Tim Paterson ya rubuta wa wani ƙaramin kamfani a Siyatil, a kan kuɗin da duka-duka bai kai dala dubu 100 ba, ya gyara ta ya miƙa. Cikin yarjejeniyar kuma ya riƙe wa kansa 'yancin sayar da ita ga duk wanda ya ga dama, da sunan MS-DOS. IBM bai damu ba, don a ganinsa riba tana jikin ƙarfe.

Ranar 12 ga Agusta, 1981, IBM PC ya fito a kan dala 1,565. A lokacin naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, wannan ma wani labarin ne. Daga baya an ba masu saye zaɓi: manhajar Microsoft a kan dala 40, ta Kildall a kan dala 240. Ba sai an gaya wa kowa wadda jama'a suka ɗauka ba.

Tun da kayan haɗin na kasuwa ne, manhajar kuma ana sayarwa, abu ɗaya kawai ya rage a hannun IBM, wato ɗan umarnin da ke tayar da injin, wanda ake kira BIOS. Kamfanin Compaq, wanda aka kafa a 1982, ya sa injiniyoyin da ba su taɓa ganin rubutun IBM ba su rubuta nasu mai yin aiki iri ɗaya, ta yadda kotu ba za ta kama su da laifin kwafa ba. A shekararsa ta farko a kasuwa ya yi cinikin dala miliyan 111. A 1984 kamfanin Phoenix ya fara sayar wa kowa irin wannan BIOS, sai ƙofa ta buɗe wa masu ƙera kwamfuta daga Amurka har Taiwan. IBM ya yi yunƙurin rufe ta a 1987 da sabon inji PS/2 da manhajar OS/2, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1993 ya tafka hasarar fiye da dala biliyan 8, a 2005 kuma ya sayar wa Lenovo na ƙasar Sin sashensa na ƙananan kwamfutoci. A nawa ganin, mu talakawan duniya mun fi kowa cin ribar wannan kuskure na IBM. Ba domin injina masu kwaikwayo sun karya farashi ba, da kwamfuta ba ta iso shagunan Funtuwa da Malumfashi a lokacin da ta iso ba.

Amma abin da ya shafi marubuci kai tsaye ta wajen Apple ya ɓullo. Macintosh ya fito a Janairun 1984 da linzami da hotuna a allo, dabarar da Jobs ya gano a ɗakin binciken Xerox a 1979. Bai yi kasuwa ba da farko saboda tsada. Abin da ya cece shi a 1985 shi ne haɗuwar abu uku: firintar LaserWriter, da fasahar PostScript ta kamfanin Adobe, da manhajar PageMaker ta kamfanin Aldus. Da waɗannan, mutum ɗaya a kan tebur ɗaya zai iya tsara shafin littafi, aikin da a da sai maɗaba'a mai jeren ma'aikata da haruffan dalma. Microsoft ya biyo sawu da Windows, wadda ba ta kankama ba sai da ta uku ta fito a 1990. Apple ya kai ƙara kotu a 1988 cewa an kwaikwayi kamannin allonsa, ya kuma sha kaye a 1994. Ya zuwa 1997 Apple na dab da durƙushewa, har sai da abokin gabar nasa ya zuba masa jarin dala miliyan 150.

To, mu dawo gida. A daidai waɗannan shekaru ne shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida, wanda aka fara a 1986, ya karya darajar naira, har ya zuwa 1993 dala ɗaya ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati. Takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka karkata ga littattafan makaranta, sabon marubucin ƙagaggen labari ya rasa inda zai kai rubutunsa. Sai matasa suka fara buga wa kansu. Na farko-farko da tafireta da injin gurzawa aka yi su, daga baya shagunan kwamfuta da ƙananan maɗaba'u na Kano suka karɓi aikin. Ta wannan hanya Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka shiga kowane lungu, haka littattafan maƙwabciyarmu Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Wani maƙwabcin namu, Ibrahim Malumfashi, shi ya raɗa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana tafka muhawara a jaridu kan ko adabi ne ko shirme. An yi magana a kan tarbiyya, an yi a kan finafinan Indiya. Abin da na ga ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne injin da ya sa abin ya yiwu, da kuma aibun da ya zo da shi.

Aibun kuwa shi ne ƙugiya. Waɗannan haruffa sun samu gindin zama ne a ƙarshen shekarun 1930, a zamanin Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya. Kafin nan ɗigo ake sawa a ƙarƙashin harafi, ko alama a gefensa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da littattafan da aka yi ta bugawa a Zariya, su suka sa idon Bahaushe ya saba da su. A shekarun 1980 ma an tsara wani jerin haruffa na bai-ɗaya don harsunan Nijeriya, da hannun wani Bajamushe gwanin zana haruffa, Hermann Zapf. Kwamfuta kuwa ta taso ne a kan wani tsari na Amurka mai suna ASCII, na 1963, mai gurabe 128 kacal, waɗanda aka raba wa baƙaƙen Turanci manya da ƙanana da lambobi da alamomi. Da aka faɗaɗa shi zuwa 256, harsunan Yammacin Turai aka ba ƙarin. Saboda haka sabon inji ya mayar da mu baya: littafin da aka buga a Zariya da dalma yana da ƙugiyarsa cif, wanda aka tsara da kwamfuta a Kano bayan shekara 40 kuwa, ko dai a bi shi da biro kafin a kai maɗaba'a, ko a sake shi haka nan, baƙi da baki su zama ɗaya. Wata zuriya guda ta masu karatu ta tashi a kan irin waɗannan littattafai, kuma ina ganin sakamakon a takardun insha'in ɗalibaina har gobe.

Maganin farko daga cikinmu ya fito. Windows 3.1 ta 1992 ta zo da fasahar TrueType, wadda Apple ya ƙirƙiro don ya kuɓuta daga biyan Adobe kuɗi, ya kuma ba Microsoft izinin amfani da ita. Wannan faɗan nasu shi ya sauƙaƙa wa mutum ya zana nasa zubin haruffa ya ɗora a inji. A tsakiyar shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya zana guda biyu, Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka bazu a jami'o'i da maɗaba'u da gidajen jarida. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta bukata, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. A wani zubin bakunan baka irin su } da ] aka ara, a wani kuma q da x da v. Wannan aiki ya yi wa Hausa hidimar da babu wani kamfanin waje da ya yi mata a lokacin, kuma duk wanda ya rubuta kundin digiri a sashen Hausa a waɗancan shekaru ya san haka.

Sai dai ƙugiyar tana jikin rigar ne, a can ciki injin q ko } ya sani. Ni kaina na ɗanɗana. Bayan na fara koyarwa na rubuta wani ɗan labari a littattafan motsa jiki guda uku, na kai wani shagon buga takardu a Funtuwa, na yi ta zirga-zirga ranakun Asabar ina zama kusa da yaron da ke bugawa ina nuna masa inda ƙugiya take. Da aka gama aka zuba mini a fulofi. Na kai wa wani abokina a Zariya ya duba, da ya buɗe a tasa kwamfutar, wadda ba ta da wancan zubi, sai ga }asa da ]aya da ~arawo tun daga shafin farko har na ƙarshe. Muka ce a bari sai an samo zubin. Kafin a samo, damina ta ratsa, fulofin ya ƙi buɗuwa, shagon kuma ya goge nasa don ya sami wurin aikin wasu. Littattafan motsa jikin nan uku su suka tsira, suna nan a akwatina.

Magani mai ɗorewa ya zo ne daga wani sulhu da kamfanonin suka yi don amfanin kasuwarsu. Injiniyoyin Xerox da Apple suka faro tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta dindindin, aka fito da kundinsa na farko a 1991, su IBM da Microsoft suka shiga ciki. Tun farkon shekarun 1990 haruffanmu suna da gurabensu a ciki, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Amma samun gurbi daban, samun madannin da zai fito da shi daban. An ɗauki shekaru masu yawa kafin Windows ta zo da tsarin madannan Hausa. A tsakani 'yan kasuwar gida sun gwada sa'arsu: Zinox na Leo Stan Ekeh ya fito a 2001 da kwamfuta mai alamar naira a madannanta, wani kamfani mai suna Lancor kuma ya ƙera madannan Konyin don harsunan Nijeriya, har ya kai masu shirin ba kowane yaro kwamfuta ƙara a wata kotun Legas a 2007 bisa zargin sun kwaikwayi fasaharsa.

Sauran gawawwakin wannan yaƙi ba sai na daɗe a kansu ba. WordStar ya faɗi a hannun WordPerfect, shi kuma ya yi jinkirin komawa Windows, Word ya binne shi. Lotus 1-2-3, wanda ya kashe VisiCalc, Excel ya kashe shi. Compaq ya narke cikin HP a 2002. PageMaker, wanda aka tsara dubban littattafanmu da shi, fitowarsa ta ƙarshe a 2001 ce. Kamfanin Sony ya daina yin fulofi a 2011. Kowane ɗayansu da ya kwanta, ya tafi da rubuce-rubucen da aka adana da sigarsa. Ina tambayar 'yan'uwa da suka buga littafi a shekarun 1990: wa ke da kwafin nasa da zai iya buɗewa a inji a yau? Galibi in za a sake bugawa, sai an nemo tsohon kwafi a kasuwa an sake bugawa daga farko.

Shi kansa Microsoft, wanda gwamnatin Amurka ta maka a kotu a 1998 kan danniya a kasuwa, har alƙali ya ba da umarnin a raba shi biyu a 2000 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2001, bai ga tahowar wayar hannu da kyau ba. iPhone ta fito a 2007, Android ta Google a 2008. Ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014, bayan shekara guda ya amsa cewa kuɗin sun nutse. A ƙasarmu, inda wayar salula ta GSM ta fara aiki a 2001, wanda ya ci kasuwar shi ne Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, don ya lura da abin da muke bukata: layi biyu, batir mai jure rashin wuta, farashi mai sauƙi, da Hausa a cikin harsunan wayar. Yau yarinya a Sabuwa ko Faskari tana rubuta littafi sukutum da babban yatsa, ta sake shi babi-babi a WhatsApp, ƙugiya kuma tana nan a madannan wayarta in ta danna k ta ɗan riƙe bayan ta zaɓi Hausa. Abin haushin shi ne yawancinsu ba su dannawa, wasu ma q suke sawa da gangan.

Manyan kamfanonin kuwa sun koma gidan jiya, wato haya irin ta IBM. Tun 2013 Adobe ya daina sayar da sababbin manyan manhajojinsa sai dai a biya wata-wata ko shekara-shekara, Microsoft ma ya karkata can, rubutu kuma ana ajiye shi a rumbunan kamfanoni da ke wasu ƙasashe, ana isa gare shi ta intanet. Mu a nan mun ga iyakar wannan tsari da idonmu. A Satumbar 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi wajen wata uku a haka. Wata ɗalibata ta dā, wadda ta kai babi na 20 a labarinta, ta zo ta same ni da wayarta a hannu. Ta sauya waya kwana kaɗan kafin rufewar, babin duka suna can a rumbun intanet, ba ta sauke ko ɗaya ba. Ta ce, "Malam, yanzu ya zan yi?" Na shiga ɗaki na ɗauko mata sabon littafin motsa jiki mai shafi 80 da biro biyu, na ce ta ci gaba daga babi na 21, ta kuma sa wa kowace k ƙugiyarta.